Zagaya Maroko da mota mai ɗaki: tambayoyi da amsoshi kan garuruwa, wuraren gani da inda ake yada zango

Duk shekara idan sanyi ya kama a Turai, motoci masu ɗaki sukan yi jerin gwano su ƙetare teku zuwa Maroko, su yi wata biyu ko uku suna yawo tsakanin tsaunuka da bakin sahara. Hausawa mazauna Sifaniya da Faransa da Italiya, da ma masu zuwa ziyara Fas daga gida, sukan yi tambaya ko tafiyar za ta yiwu da iyali. Za ta yiwu, kuma ga tambayoyin da suka fi yawa.

Wace irin mota ce ta fi dacewa?

Iri biyu ce. Akwai ɗakin da ake ɗaura wa mota a baya tana ja, akwai kuma motar da ita kanta ɗaki ce, da gado da murhu da banɗaki a ciki. A Maroko ta biyun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin hanyoyin tsauni suna da kwana masu tsanani, kuma ja da baya da ɗakin ja a ƙunƙuntar hanya aiki ne na gwani. A nemi wadda tsawonta bai wuce mita 6 zuwa 7 ba.

Lasisin ƙaramar mota yana ɗaukar abin da bai wuce tan 3.5 ba, kuma wannan nauyin ya haɗa da mutane da kaya da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka cikakken tanki mai lita 100 kamar ka ɗauki ƙarin ƙato ne a baya. Wanda ya dage sai ɗakin ja, ya jera kaya masu nauyi a ƙasa daidai kan tayoyin, kar ya tara su a can ƙarshen baya. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya kasance wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin ɗakin. Idan ya yi ƙasa da haka, da an yi gudu ko babbar mota ta wuce sai ɗakin ya fara lilo hagu da dama. In hakan ta faru a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe. Taka birki da ƙarfi shi ke kifar da mota.

Ta ina ake shiga, kuma waɗanne takardu ake bukata?

Mai zuwa daga Turai yakan hau jirgin fito daga Aljeziras a kudancin Sifaniya zuwa tashar Tanja Med, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Tashar tana da nisan kilomita 40 da ɗoriya gabas da birnin Tanja. Kwastan suna ba mota izinin zama na wata shida, kuma suna rubuta ta a kan fasfon wanda ya shigo da ita. Ma'ana ba za ka bar motar ka hau jirgin sama ka fita ba sai ka daidaita da su. A zo da takardar mallakar mota ta asali, ba kwafi ba. Idan ba da sunanka take ba, a zo da wasiƙar izini daga mai ita. Idan inshorarka ba ta haɗa da Maroko ba, akwai ofishin da ake saya a cikin tashar. Kar a zo da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, kwastan suna ƙwace shi.

Mai zuwa daga gida ta jirgin sama zai iya hayar mota a Kasabalanka ko Marakesh ko Agadir. Ɗan Najeriya sai ya nemi biza, ya kuma taho da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida. Kafin a karɓi makulli a kunna murhu da firji da famfon ruwa a gaban mai motar, a ɗauki hoton duk wani kwarzane da ke jikinta.

Wace hanya ce ta fi, kuma kwana nawa za ta ci?

Zagayen da ya fi gamsarwa shi ne Tanja, Shafshawan, Fas, a haye tsaunukan Atlas zuwa kwarin Ziz da Risani da Marzuga, a juya yamma ta Tingir da Warzazat, a sake haye tsauni zuwa Marakesh, a ƙare a bakin teku a Sawira. Sati uku ya isa ba tare da gaggawa ba. Sati biyu zai yi, amma za ka fi ganin kwalta fiye da garuruwa.

Kar a yi lissafi da taswira kawai. Kilomita 200 da ke tsakanin Shafshawan da Fas sukan ci awa huɗu. A tsara kilomita 150 zuwa 200 a yini, a isa zango kafin la'asar sakaliya. Tuƙin dare a ƙauyukan Maroko ba abin yi ba ne, saboda amalanke da babura marasa fitila da masu tafiya a ƙafa a gefen titi.

Wane lokaci ya fi?

Maris zuwa Mayu, ko Oktoba zuwa Nuwamba. A Yuli da Agusta zafin kudu yakan haura digiri 45, mota ta koma tanda. A Disamba da Janairu bakin teku yana da daɗi, amma dusar ƙanƙara takan rufe hanyoyin tsauni. Mai son dabino ya zo a Oktoba, lokacin da ake girbi a Arfud, garin da ke kusa da Risani.

Shafshawan ta kai yadda ake zuzuta ta?

Ta kai kwana biyu, ba ta kai uku ba. An kafa garin a 1471 a gindin tsaunukan Rif, kuma abin da ya fitar da sunansa shi ne gidaje da lunguna da aka shafe da shuɗin fenti. A allon hanya za ka ga an rubuta Chefchaouen. Zangon Azilan yana can saman gari, hawansa da tsayi, sai da giya ta ɗaya ko ta biyu. Daga can ake gangarowa da ƙafa, a dawo da tasi. A je marmaron Ras al-Ma, sannan a hau tudun da ƙaramin masallacin nan yake gabas da gari kafin faɗuwar rana, daga nan ake ganin garin gaba ɗaya. Yankin ana noman wiwi, kuma za a tare ka a hanya ana tallarta. A ce a'a a wuce, sayenta don sha haramun ne a dokar ƙasar.

Yaya ake yi da mota a Fas?

Ba a shiga da ita. Tsohon birnin Fas lunguna ne da ko ƙaramar mota ba ta wucewa, jakuna da alfadarai da baro ne suke dakon kaya. A ajiye mota a zango, misali Diamant Vert da ke kudancin gari, a shiga da jar tasi. Mutum uku kawai take ɗauka, don haka iyali mai mutum biyar sai tasi biyu. A ce wa direba ya kunna mita, ya sauke ku a ƙofar Bab Bujlud.

Fas ce ta cancanci kwanaki mafi yawa a duk tafiyar, aƙalla huɗu. Ga masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya danganta kafa shi ga Fatima al-Fihriyya a shekarar 859, ana kuma karatu a cikinsa tun wancan zamani. Ba nisa da shi ga zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 aka binne shi a nan. A lungun zawiyar ba wuya ka ji ana Hausa ko Fulatanci ko yaren Wolof na Senegal. Ga makarantar Bu Inaniyya ta ƙarni na 14, da sassaƙar katako da filasta da za ka tsaya kana kallo har wuya ya gaji.

A leƙa majemar Shuwara da safe, lokacin da ramukan rini suke cike ana aiki. Ana kallo ne daga saman shagunan fata, za a miƙo maka ganyen na'ana'a ka kanga a hanci saboda wari. Bahaushe zai ga sana'ar gida ce, kuma akwai tsohuwar alaƙa: jar fatar awakin Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa takan ƙetare sahara zuwa Arewacin Afirka, Turawa su saye ta daga can suna kiranta fatar Maroko.

Ranar Juma'a yawancin shagunan tsohon birni a rufe suke, ba ranar cefane ba ce. Idan da sauran lokaci a ware yini guda don Walili, kangon birnin Rumawa da ke wajen kilomita 30 arewa da Miknas, da garin Maulay Idris da ke kan tudu kusa da shi. A bar mota a filin Walili, titunan Maulay Idris sun yi mata ƙunci.

Daga Fas zuwa sahara, ina da ina ake tsayawa?

Kilomita 470 ne zuwa Marzuga. Masu yawon buɗe ido a bas sukan cinye su a yini ɗaya, kuma sun yi asara, domin wannan ne yanki mafi kyau a tafiyar. A ba shi kwana uku ko huɗu.

Bayan kilomita 65 za a iso Ifran, gari mai rufin gidaje a karkace saboda dusar ƙanƙara, a tsayin sama da mita 1,600. Nan aka taɓa auna sanyin digiri 24 ƙasa da sifili a 1935. Gaba kaɗan ga Azru da dajin dogayen itatuwan da suke kira arz, inda birai suke fitowa bakin titi. A rufe tagogi, kar a ba su abinci, sun iya shiga mota. Kasuwar Azru tana ci ranar Talata. Daga nan hanya takan haura sama da mita 2,100 kafin ta sauka Midelt, garin tuffa, inda ya dace a kwana a kuma cika tanki da dizal.

Bayan Midelt ƙasa takan bushe, sai ga kogin Ziz ya ratsa tsakanin jajayen duwatsu. Za a wuce wani ɗan ramin da sojojin Faransa suka fasa a cikin dutse, a wuce madatsar ruwa, a shiga Rashidiyya. Wajen kilomita 20 kudu da ita akwai marmaron Meski da zango a ƙarƙashin bishiyoyin dabino, ko da yake a shekarun fari ruwan yakan ja baya ƙwarai. Gaba kaɗan akwai wurin tsayawa a bakin gaɓa, inda za ka leƙa ƙasa ka ga dabino kore shar ya cika kwari iya ganinka, ƙauyukan laka a gefe da gefe.

Risani ita ce ba a so a wuce da gudu. A gefenta kangon Sijilmasa yake, birnin da aka kafa a tsakiyar ƙarni na 8, wanda ya zama ƙofar arewa ta fataucin zinariya da gishiri. Daga nan Ibn Battuta ya bi ayari a farkon 1352 zuwa Mali, ya komo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagulla. Abin da ya rage na birnin guntayen ganuwar laka ne, ba wani abin kallo mai yawa, amma kasuwar garin tana nan da ranta. Tana ci Lahadi da Talata da Alhamis, da karar tumaki, da filin da ake ɗaure jakuna, da rumfunan dabino. A nemi madfuna, gurasa ce da ake cusa wa nama da albasa da kayan ƙamshi a gasa. A nan kuma kabarin Maulay Ali Sharif yake, kakan gidan sarautar Maroko na yanzu.

Za a iya shiga rairayin Marzuga da motar?

A'a. Kwalta ta kai har garin, masaukai da yawa a Marzuga da Hassi Labyad suna da fili a gindin tudun rairayi, da wuta da ruwa. A tsaya a inda ƙasa take da tsakuwa. Tudun yakan kai mita 150, ana hawa da ƙafa ko da raƙumi, da asuba ya fi.

Idan tsautsayi ya sa taya ta nutse, kar a ci gaba da ba ta wuta, ƙara binne kanta za ta yi har cikin motar ya zauna a ƙasa. A haƙe gaban tayoyin da shebur, a rage musu iska zuwa kamar rabi, a sa katako ko tabarmar roba a ƙarƙashi, a fita a hankali da giya ta biyu. Da an hau ƙasa mai tauri a mayar da iskar, saboda haka famfon taya mai aiki da batir ya zama dole. In iska ta taso da ƙura a juya wa iskar bayan mota, a rufe tagar rufi, a naɗe rumfar gefe. Rumfar nan ita ce abin da iska ta fi karyawa.

Todga ko Dades?

Kwaruruwa ne biyu masu matsatsin duwatsu a kan hanyar Tingir zuwa Warzazat. In ɗaya za a zaɓa, Todga. Kilomita 15 ne daga Tingir, hanya ta bi ta cikin gonakin dabino har inda duwatsu biyu suka matso, tsakaninsu bai fi mita 10 ba, ƙorama tana gudu a ƙasa. Akwai zanguna a kan hanyar kafin a kai matsatsin. A je da sassafe kafin motocin baƙi su cika wurin. Dades tana da shahararriyar hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji, mota mai ɗaki za ta hau, ɗakin ja kuwa a kwance shi a bar shi a zango. Hanyar da ta haɗa kwaruruwan biyu ta can sama, kar a bi ta sai an tambayi mutanen wurin halin da take ciki a wannan makon.

Kada a taɓa kwana a busasshen rafi ko a cikin matsatsin, komai kyan wurin. Ruwa yakan sauka a tsauni can nesa, kai kana ganin sama garau, ambaliya ta iso cikin dare. A Satumban 2024 irin wannan ambaliya ta yi ɓarna da asarar rayuka a kudu maso gabashin ƙasar.

Hawan Tishka yana da haɗari?

Tishka ita ce hanyar tsaunin da ta haɗa Warzazat da Marakesh. Hawan ba shi ne matsala ba, gangarowa ce. Tsakanin Warzazat da Marakesh kusan kilomita 200 ne, kuma ƙololuwar hanyar tana kan mita 2,260. An faɗaɗa titin a 'yan shekarun nan, amma gangaren yana da tsawo. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai sa shi ya yi zafi har man birki ya tafasa, ya taka ya ji fedar ta tafi ƙasa ba komai. A sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe motar, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki. In an ji ƙauri a tsaya minti ashirin, kar a watsa wa birkin ruwa. A zubar da ruwan wanke-wanke kafin a fara hawa, a bar rabin tanki na ruwa mai kyau.

Kafin a kama hawan a ratse zuwa Ait Bin Haddu, wajen kilomita 30 daga Warzazat, tsohon garin laka a kan tudu a bakin rafi. Wanda ya san ginin ƙasa na Zariya ko Agadas zai tsaya yana kwatanta hannun magina. Ɗaya hanyar tsaunin, Tizi n'Test, ƙunƙunta ce, kuma yankin ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna. Ba ta babbar mota ba ce.

Marakesh da Sawira fa?

Marakesh kwana biyu sun isa: masallacin Kutubiyya da hasumiyarsa ta ƙarni na 12, dandalin Jami'ul Fana da dare, da kasuwa. Zanguna suna wajen gari ta arewa. Cunkoson babura a tsakiyar birni ba wurin koyon tuƙin babbar mota ba ne.

Sawira, wadda ake rubutawa Essaouira, ta fi kwanciyar hankali. Sarki Muhammadu bin Abdullahi ne ya gina ta a shekarun 1760, ta zama tashar da kayan ayarin Tumbuktu suke fita teku. A zaga ganuwa da igwoyinta, a sayi kifin sadin a tashar masunta a ba masu gashi. Iska ba ta tsayawa a garin, a ɗaure komai. Ajiye mota mai ɗaki a cikin gari yana da wuya, ya fi sauƙi a sauka a Sidi Kawki, kilomita 25 kudu, a riƙa shigowa.

Me ake samu a zango?

Fili, famfo, banɗaki, wurin zubar da ƙazanta da soket na wuta. Kuɗin kwana galibi tsakanin dirhami 70 ne da 150, a tanadi tsabar kuɗi. Wutar mai ƙarfin volt 220 ce, soket ɗin mai ƙafa biyu irin na Faransa, don haka a zo da mahaɗi da waya mai mita 25. Yawancin soket ɗin amfiya 6 zuwa 10 suke ɗauka. Amfiya 6 wat 1,300 ne da ɗoriya, butar lantarki kuwa ita kaɗai takan ja 2,000, shi ya sa da an kunna ta wuta take yankewa. A dafa ruwa a murhu. Idan zango ya cika wutar takan yi rauni da dare, sai a mayar da firji kan gas. Irin wannan firji ba ya sanyi in mota ta karkace, a daidaita ta da katako a ƙarƙashin taya kafin a kashe inji.

Iskar gas ta ƙare, yaya za a yi?

Ana sayar da tukunya a kusan kowane kanti, mai kilo 12 ta koma dirhami 50 a Mayun 2024, ban da kuɗin tukunyar kanta. Bakinta bai dace da kan tukunyar kowace ƙasa ba, sai an sayi mahaɗi ko kai na can. A zaɓi wadda ba ta lotsa ba, a canza robar bakin, a shafa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Gas ɗin da aka fi samu irin butan ne, wanda ba ya tashi idan sanyi ya kusa sifili, shi ya sa a Ifran ko Midelt murhu yakan ƙi kamawa da asuba alhali tukunya a cike take. Mai zuwa a lokacin sanyi ya taho da tukunyar furofan, irin gas ɗin da sanyi ba ya hana shi tashi, ya adana ta don tsauni.

Ruwa da banɗaki fa?

A lissafa lita 15 ga kowane mutum a yini, har da alwala, ban da wanka. Ruwan sha a saya ko a tace. Tankin banɗaki bai wuce lita 20 ba, iyali mai mutum huɗu sai sun zubar kullum ko bayan kwana biyu, kuma a ramin da aka tanada kawai. A dausayi ruwan da ke bin lambatu shi mutane suke ban-ruwa da wanki da shi, zuba ƙazanta ko ruwan sabulu a kusa da shi zalunci ne.

Ana iya kwana a wajen zango?

A garuruwan bakin teku da yawa an hana, jandarma za su tashe ka. A birane akwai filayen ajiye mota masu maigadi, ana ba shi 'yan dirhamai a kwana. A ƙauye a yi sallama a nemi izinin mai fili kafin magariba.

Shingayen jandarma fa?

Suna bakin kusan kowane gari. Iyakar gudu 60 ne a gari, 100 a waje, 120 a babbar hanya mai tolget, kuma na'urar auna gudu takan ɓuya daidai inda allo ya sauko zuwa 60. Idan allon shinge ya ce Halte, a tsaya cak a wurin allon har sai an yafito ka. Wucewa a hankali ba tare da tsayawa ba laifi ne. In an ci tara, a biya a karɓi rasit.

Salla a kan hanya fa?

Ba wahala. Mazhabar Malikiyya ce, karatun kuma Warshu ne, irin wanda ɗan makarantar allo ya taso da shi. Manyan gidajen mai suna da masallaci da wurin alwala. Masallatan gari da yawa ana rufe su jim kaɗan bayan jam'i, a zo kan lokaci. Alƙibla daga Maroko kusan gabas ce sak, amma tsofaffin masallatai da dama sun karkata kudu, in ka shiga ka bi mihrabi da liman. Matafiyi yana ƙasaru a tafiyar da ta kai wajen kilomita 80, sai dai in ya yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu a wuri ɗaya. Wanda ya shirya kwana huɗu cur a Fas, daga isarsa sai ya cika salla.